Tuwo a Gaban Hoto

A duk matan da na zauna da su a yankin Washington, babu wadda ta iya gaisuwa kamar wata 'yar Japan da ɗan garinmu ya aura. Mu da aka haifa a Kano da Katsina da Damagaram mun riga mun lalace, a tsaitsaye muke gaisawa, makullin mota a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ita kuwa tun daga bakin ƙofa za ta tuɓe takalmi ta jera su, ta zo gaban babba ta zube gwiwa bibbiyu, ta yi ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, ba ta tsallake ko ɗaya. Iyakar Hausarta ke nan, gaisuwa da sunayen abinci. In an wuce nan sai a koma Turanci, shi ma nata a daddafe yake fita. Amma da wannan 'yar Hausar ta sha kunyata 'ya'yanmu, waɗanda in ka ce musu ina kwana sai su ɗago kai daga talabijin su jefo maka amsa da Turanci.

Amarya muke ce mata, duk da ta zo mana da goyo. Mijin shi muka laƙaba wa ɗan Japan, alhali Bakano ne na cikin badala. Ya yi shekaru a can yana aiki a wurin da ake kwance tsofaffin motoci a loda kayan gyaransu zuwa Legas, kuma a ofishin wurin ya same ta. Ta musulunta, aka ɗaura aure, ba ko mutum ɗaya daga gidansu. Ubanta manomin shinkafa ne a wani ƙauye tsakanin duwatsu. Da ta haihu ta ɗauki jaririyar ta kai masa, a tunaninta ganin jika zai sauko da shi. Bai bar su sun wuce ƙofar gida ba. Ya leƙa fuskar yarinyar, ya ga baƙa ce mai murɗaɗɗen gashi, ya juya ciki, sai uwar ce ta fito da saƙonsa: gida gidanta ne duk ranar da ta ga dama, muddin ita kaɗai za ta zo. Ba a daɗe ba mijin ya ci cacar bizar Amurka, suka sauka a garin Sterling na gefen Washington, ya kama tuƙin motar haya a filin jirgi. Yarinyar sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Mamana yake kiranta, kuma bai taɓa yi mata magana da wani yare ba sai Hausa.

Ni a lokacin ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Annandale, maigidana kuma yana sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin birni. Uwarmu mu duka ita ce Hajiya, matar wani likita, wadda ta riga kowa zuwa ƙasar. Ita ke tarbar sabuwar zuwa ta nuna mata shagon da ake samun kuka da daddawa a Wheaton, ita ke raba rigimar ma'aurata. Tana da 'yar dangantaka da ɗan Japan ta wajen uba, irin wadda a gida ba za a ko ambata ba, a nan kuwa ta isa ta sa ya riƙa ce mata Gwaggo. Mace ce mai kyauta, ban hana ta wannan ba. Sai dai ba ta taɓa yin kuskure ba a rayuwarta, ko kuma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin gaya mata ba.

Shekarar da teku ta cinye garuruwan Japan, maigidana ya yi wani shiri a kan ƙasar, sai maganar ta biyo shi gida. Ranar Lahadi ce, an taru a gidanmu cin waina. Gidajen Amurka ba bango tsakanin falo da kicin, duk abin da maza suka faɗa muna ji, kuma muna tsoma baki.

"Mutanen nan sun tsufa, ba sa haihuwa," in ji maigidana. "Wa zai gina musu abin da ruwa ya rushe? Su buɗe ƙofa mana baƙi su shigo. Ga Amurka nan, kowa da hularsa ya shigo, me ya ci ta?"

Ɗan Japan ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Malam, ba ka san su ba. Na iya yarensu, na iya sunkuyonsu, shara ma kashi-kashi nake raba ta yadda suke so. Ranar da na bar ƙasar baƙo nake, daidai da ranar da na sauka. Sun gwammace su ƙare kaf da su gauraya da wani."

Ni da ke juya waina a tanda na kasa yin shiru. Na ce su buɗe ƙofar don me, don mu je mu wanke musu tsofaffi yadda nake wanke na Turawa, in mun zo wucewa su toshe hanci? Aka yi dariya. Hajiya ta gyara zama ta ce duk rashin imani ke kawo wannan, mu ai ba mu san ƙin baƙo ba, ga Amarya nan a tambaye ta in ta taɓa ganin bambanci a wurinmu. Mijin ya fassara mata. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa.

"Babana ba mugu ba ne," ta ce da Turancinta a hankali. "Kullum da safe yana ajiye shinkafa da shayi a gaban hoton iyayensa, ya gaishe su, ya ba su labarin gona. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Tsoro yake ji gida ya cika da mutanen da ba su san waɗannan matattun ba, a wayi gari ba mai gaishe su."

"Tsoro?" mijin ya katse ta. "Jaririya ce ta ba shi tsoro?"

Hajiya ta yi a'uziyya a kan shinkafar matattu, tana dariya. Maigidana kuwa ɗan jarida ne, ba ya sakin tambaya. Ya ce to ita Amarya a ganinta, zai yiwu su buɗe ƙofa kuma al'adarsu ta tsira? Ta ce ba ta sani ba, abin da ta sani kawai shi ne duk wanda ya shigo gidan wani da matattunsa yake zuwa, kuma ba kowane maigida ke da wurin ajiye su ba. Waina ta fara ƙonewa na koma kan tandata, maza suka koma hirar zaɓen gida.

Cikin sanyin da ya biyo baya ɗan Japan ya rasu, a cikin motarsa, a layin da direbobi ke jiran fasinja, da tsakar rana. Na bayansa ya yi ta danna masa hon ya matsa gaba, da ya gaji ya fito zai yi masifa, ya tarar da shi kai a kan sitiyari. Zuciya ce, in ji likitoci. Aka yi masa salla a babban masallacin Sterling, maza suka ɗauke shi zuwa maƙabarta. Amarya ta sa takalmi za ta bi su, Hajiya ta riƙe ta ta ce mata ba sa zuwa. Ta cire takalman ta zauna. Duk abin da aka gaya mata na takaba ta bi shi sau da ƙafa, ba kwalliya, ba turare, ba fita. Mu kuma muka raba ranaku, kowa da ranar da za ta kai abinci ta taya ta zama, kuma a nan ma Hajiya ta fi kowa ɗawainiya.

Wata safiya, an yi 'yan makonni, na biya na ɗauki Hajiya muka kai koko da ƙosai. Mun yi sammako fiye da yadda muka saba, yarinyar ba ta tafi makaranta ba tukuna. Amarya ta buɗe mana ta koma kicin. Hajiya ta ce bari ta shiga ɗaki ta yi walha, na bi ta in ajiye rigar sanyina. Ƙofar ɗakin a buɗe take kaɗan, muka ji wata 'yar murya.

Yarinyar ce, shekarunta bakwai ko takwas a lokacin, jakar makaranta a baya, tana durƙushe gaban wani gajeren teburi a kusurwa. A kan teburin hoton ubanta ne da hular salla. A gaban hoton ɗan kwano ne da malmalar tuwon shinkafa da ba ta fi ƙwai ba, an zuba mata miyar kuka, ga shayi a ƙaramin kofi yana tururi, ga turaren tsinke yana hayaƙi.

"Baba, ina kwana," take cewa. "Ka tashi lafiya? Yau muna da spelling test, amma na iya duka. Jiya dusar ƙanƙara ta zubo, Mama ba ta bar ni na fita ba. Ka ci tuwonka kafin ya huce. Sai na dawo."

Jikina ya yi sanyi, kuma abu biyu ne suka sanyaya shi. Wannan ba namu ba ne, ba a ajiye wa mamaci abinci, ko ƙaramin yaro a gida ya san haka. Sannan 'ya'yan da na haifa, ni Bahaushiya ubansu Bahaushe, babu wanda ya taɓa jera mini Hausa mai tsawon wannan. Kishi na ji har cikin raina.

Hajiya ta saki salati da ƙarfi har yarinyar ta zabura. Ta wawuri kwanon ta nufi banɗaki, ta juye tuwon a masai, ta bi shi da shayin, ta danna ruwa. Yarinyar ta bi ta tana ihu da Turanci, na Baba ne, na Baba ne. Hajiya ta kama kunnenta ta murɗe ta ce Babanta yana cikin ƙasa, ba ya cin tuwo. Ta ɗauki hoton ta cusa a jakarta.

Amarya ta shigo a guje da ludayi a hannu. Da ta ga abin da ya faru ba ta yi faɗa ba. Ta zube a gaban Hajiya, ta shimfiɗa tafukanta a ƙasa, ta kafa goshinta a kan kafet. A wurinsu wannan shi ne ƙarshen ban haƙuri, mutum ba ya yinsa sai laifi ya kai laifi. A idon Hajiya kuwa sujada ce, ba ragi.

"Innalillahi! Tashi! Ni za ki yi wa sujada? Kin gama bauta wa hoto kin dawo kaina?" Ta ja da baya har ta bugi ƙofa. "Kin gani ko?" ta ce da ni. "Ashe duk sallar nan wasa ce."

Amarya ta ɗago ta ce ba bauta take yi ba, Allah ɗaya ta sani. Ranar da ya rasu bai karya ba ya fita, abin ya tsaya mata a rai, kuma ita ba ta san wata hanyar kewar mutum ba sai wannan. Ta ce yarinyar da ubanta kaɗai take Hausa, in ta daina yi masa magana, da wa za ta yi?

Na ce, "Hajiya, a bi ta a hankali, rashin sani ne."

"Ke ma ƙasar nan ta cinye ki," ta ce, ta fita ta tsaya jikin motata.

Har gobe ban ce abin da Amarya ta yi daidai ba ne. Amma gyaransa bai fi hirar yamma ɗaya ba. A ce mata tuwon nan ki ba mai rai sadaka ladan ya je masa, yarinya kuma a koya mata addu'ar da za ta riƙa yi wa ubanta. Matar da aka hana bin gawar mijinta ta haƙura, wannan ne za ta ƙi? Ni na gaya mata haka washegari, kuma a ranar ta kawar da teburin.

Sai dai labari ya riga ya tashi. Kafin magariba wayoyi sun ɗauka daga Sterling zuwa Wheaton, kuma duk gidan da ya shiga sai ya fito da ƙari. Hoto ya zama gunki, miyar kuka ta zama jinin kaza. Kafin mako ya zagayo akwai masu rantsuwa cewa ciwon zuciyar ma ba banza ba. Matan da ke rububin kai abinci suka ɗauke ƙafa ɗif, ita kuma tana cikin takaba, ba halin ta fita ta wanke kanta. Ni kaɗai nake zuwa in na tashi aiki, in tarar da su su biyu a falo, kwanukan mutane a wanke a jere bakin ƙofa, ba mai zuwa ɗauka.

A cikin wannan zaman waya ta zo mata daga wuri biyu. Uwarta ta bugo daga Japan ta ce uban ya ji rasuwar, ya sa an share mata ɗakinta, yarinya kuma ai tana da dangin uba, a ba su abarsu. Yayyen mijin suka bugo daga Kano, Hajiya ta riga ta ba su labarin gunki, suka ce a turo musu mai sunan uwarsu, ita kuma matar Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ta ba ni labarin tana ninke kayan yarinyar. Ta ce abin mamaki, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, ba sa jin yaren juna, sun yanke shawara iri ɗaya. Duka ta ce musu a'a.

Da ta fita takaba sai ga Hajiya ta dawo, fuska a sake, da turmin atamfa da hoton da ta ɗauke. Ta ce komai ya wuce. Roƙo ɗaya gare ta: tsohuwa tana can Kano, ɗanta ya mutu a ƙasar wasu ba ta ga gawarsa ba, kullum kuka take a nuna mata takwararta. Ita Hajiya za ta je gida dogon hutu, a ba ta yarinyar ta kai ta, ta dawo da ita kafin a buɗe makaranta.

Amarya ta nemi shawarata. Na ce kada ta kuskura. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa a wurinmu ɗa na dangin uba ne, kuma riƙon ɗan wani alheri ake ɗaukarsa, wanda ya riƙe miki 'ya godiya yake jira daga gare ki. Na ce yarinyar nan in ta taka Kano ba za ta dawo ba.

"Yaya," ta ce, haka take kirana, "na yi musu laifi sun yafe. Ba zan iya ƙin abu na farko da suka roƙe ni ba."

Na ce wannan dokar garinku ce, nan ba wanda ya san ta. Ta ce ta sani, amma nata dangin sun riga sun ƙi yarinyar, in ta ƙi waɗannan su ma, 'yarta za ta tashi ba ta da kowa a duniya sai uwa. Raina ya ɓaci, na ce ladabinta ya yi yawa har ya zama wauta. Ta sunkuyar da kai ta yi mini godiya. Wallahi da zagina ta yi ya fi mini sauƙi.

Ta ba Hajiya yarinyar suka tafi. Ni na kai Amarya filin jirgi ranar dawowarsu, da la'asar. Ta sayi sabuwar jakar makaranta ta rungume a ƙirji, ta dunƙula shinkafa irin tasu da yarinyar ke so ta naɗe a leda. Muka tsaya inda fasinjan ƙasashen waje ke fitowa. Ƙofa ta yi ta buɗewa tana rufewa, 'yan Habasha suka fito, Indiyawa suka fito, sai ga Hajiya tana turo keken kaya, akwatuna sun kusa rufe mata fuska. Amarya ta leƙa bayanta, ta leƙa gefen akwatunan, ta koma ta kalli ƙofa.

"Sannunku da jira," in ji Hajiya. "Yarinya tana nan lafiya lau, har ta yi ƙiba. An sa ta Islamiyya. Danginta sun ce za su riƙe ta, ki gode wa Allah an sauke miki nauyi." Ta zuge jaka ta zaro ƙullin kilishin da ta ɓoye wa 'yan kwastan. "Ga tsarabarki."

Amarya ta juyo gare ni in fassara. Ban fassara ba, kan Hajiya na yi. Ban san muryata tana kaiwa nan ba. Na kira ta ɓarauniyar 'ya'yan mutane, na ce furfurarta ta banza ce. Ko a jikinta. Ta ce ita rai ta ceto daga wuta, in je in faɗa wa duk wanda zan faɗa wa. Kuma ta yarda da abin da ta faɗa, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ɗan sanda ya fara matsowa, sai Amarya ce ta ja hannun rigata tana roƙona in rage murya mutane suna kallo. Ta riga ta gane. Likita ya zo ya ɗauki matarsa, mu muka ci gaba da tsayuwa, don ta ƙi motsawa sai da fasinjan jirgin suka ƙare. Ƙullin kilishin yana hannunta, an miƙo mata ba ta iya ƙin karɓa ba.

Mun yi abin da za mu iya. Lauya ya ce hannun kotun nan ba ya kaiwa Kano. Maigidana ya buga wa yayyen, suka ce masa ya zama Bature, kuma in Amarya ta kuskura ta zo da hukuma za su kai yarinyar ƙauyen da ko muryarta ba za ta ƙara ji ba. Cikin mutanenmu na nan akwai masu cewa an yi zalunci, amma a ɓoye suke faɗa, don gobe Hajiya ce za ta tsaya musu a suna da biki. Ni aka daina gayyata, ban kuma yi kewar wainar kowa ba. Amarya ta kama aikin yanka kifi a wani shagon 'yan Koriya a Annandale, ta ƙi barin gidan Sterling duk da nisa, wai kada yarinyar ta dawo ta tarar da baƙi a ciki.

Abin da dangin mijin suka yarda da shi waya ce ranar Juma'a, da sharaɗin da Hausa za a yi don su ji abin da ake faɗa. Saboda haka duk Juma'a da safe sai ta biyo gidana da katin waya, mu zauna a kicin in sa wayar a sifika, in zama tafinta tsakanin uwa da 'yar da ta haifa. Da farko yarinyar kuka take tana tambayar yaushe za a zo a ɗauke ta, sai a karɓe wayar. Daga baya kukan ya tsaya. Hausarta ta nuna ta koma ta Kanawa sak, amsoshinta kuma suka gajarce: lafiya lau, e, a'a, na ci.

Wata Juma'a, an fi shekara ana haka, yarinyar ta karɓi wayar ba ta jira an tambaye ta komai ba. Na kasa kunne ko zan ji babba yana raɗa mata, ban ji ba. Na so a ce na ji.

"Anti, ki ce mata ta daina bugowa."

Na ce, "Ke, uwarki ce fa."

"Na sani. Amma duk ranar da ta bugo sai an ba ni rubutu na sha, wai kada abin ya biyo ni ta waya. Yaran gidan kuma su yi ta ce mini 'yar mai gunki har a makaranta. In ba ta bugo ba mantawa suke yi. Ni na gaji. Don Allah ki gaya mata."

Amarya tana kallon bakina, hannuwanta a kan teburi. "Yaya, me ta ce?"

Na nemi ta inda zan lanƙwasa maganar ta yi laushi, na rasa. Na faɗa mata yadda aka faɗa, ban rage komai ba. Katin ya fara ƙarar ƙarewa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne za su ƙyale yarinyar in ta daina. Na ce yara ne, mai yiwuwa. Ta gyaɗa kai.

"Koya mini," ta ce. "Ni zan faɗa mata da bakina. Yaya ake cewa na ji, ba zan ƙara ba?"

Na faɗa mata kalma-kalma, ta maimaita a hankali har ta zauna mata. Ta jawo wayar kusa da bakinta.

"Na ji," ta ce da Hausa. "Ba zan ƙara ba."

"Yauwa," in ji yarinyar, da irin muryar manyan gidan. "Na gode." Ta kashe wayar.

Amarya ta ɗan zauna, sannan ta tashi ta wanke kofin da ta sha shayi, ta ce za ta makara wurin aiki. Juma'ar da ta biyo na dafa shayi na jira ta a kicin. Ba ta zo ba, kuma ba ta ƙara bugawa ba.